Tsutsotsin Lamduan Sun Ƙi Nuna

Ƙwan rawayar tsutsa ba ya ajiyuwa. Irin shinkafa ka zuba a tulu ka toshe, baɗi ka dawo ka same shi yana jiranka. Amma ƙwan tsutsar siliki irin ta gidan su Lamduan, da zarar uwar ta zuba shi a kan ƙyalle, kwana kaɗan zai ƙyanƙyashe, ko kana da ganye ko ba ka da shi, ko biki ake a gidan ko makoki. Sai ka ciyar da su har su girma su nuna, kowace ta naɗe kanta a cikin ƙwanson zare. Ka dafa mafi yawa ka warware silikin, ka ware masu kyau ka bari ƙwari su fito daga ciki, mace da namiji su haɗu, su zuba wani ƙwan, ka koma farko. Ranar da aka yi fashi sau ɗaya, iri ya yanke ke nan.

A gidan su Lamduan ba a taɓa yin fashi ba. Kakarta ce ta hayo kogin Mekong tana amarya da ƙyallen ƙwan a cikin rigarta. Uwarta, Inna Pheng, ta karɓa ta riƙe, ta ratsa da su shekarun fari, da shekarar ambaliyar nan da aka hau rufin haikali da faya-fayan tsutsa aka bar tukwane ruwa ya tafi da su. Yanzu Inna Pheng ta tsufa tukuf, ido ya tafi, ƙafa ta ƙi, tana kwance a saman gida kan tabarma, baki ne kawai bai gaji ba. Tsutsotsin kuwa suna ƙarƙashin gidan, a ɗakin raga da ke tsakanin ginshiƙai, a hannun Lamduan.

Da can su biyu ne ke riƙe da irin, ita da yayarta Buasi da ke can ƙarshen gari. In cuta ta share na ɗaya, sai ta ɗauki ƙyalle ta je wurin ɗayar. To, Buasi ta gaji. Ta koma sayen ƙwan farar tsutsa daga kamfani, wadda ke yin ƙwanso kamar ƙwan tattabara, a zo har ƙofa da mota a auna a kwashe. Ba wanda zai ga laifinta, tana da jikoki a gabanta. Sai dai tun daga lokacin, duk faɗin duniya babu inda rawayar Kaka ta rage sai ƙarƙashin gidan Lamduan, kuma Lamduan ta sani, da shi take kwana da shi take tashi.

Abin haushin shi ne irin ya soma lalacewa. Shekara da shekaru jini ɗaya ke auren kansa, ƙwanso sai ƙanƙancewa yake, zaren yana tsinkewa a tukunya. Buasi in ta biyo sai ta ɗauki ɗaya ta juya shi a tafin hannu.

"Ke Duan, wannan ƙwanso ne ko kashin akuya?"

"Ajiye min abina, Yaya. Naki da ya cika hannu, wa ya taɓa ɗaura shi ranar aure? Zaren kamfani sai ka ce igiyar shanya."

"Igiyar shanyar ce ta sa min rufin kwano."

"Sai ki hau ki kwana a kai."

A baki ba ta barin bashi, amma in Buasi ta tafi sai ta tsaya ta ƙura wa ƙwanson ido, ranta a ɓace, don ta san gaskiya aka faɗa mata.

Ana cikin haka, ƙarshen damina, wata malama daga ofishin gona ta zo rumfar haikali ta tara matan gari. Wanida sunanta, yarinya ce mai hankali, tana magana a hankali kamar mai tsoron ta tashi jariri. Ta zo da jaka cike da wasu baƙaƙen 'ya'yan tsiro ƙanana masu ƙamshi. Ta ce a daka kaɗan, a jiƙa a ruwan sanyi, a tace, a zuba ludayi ɗaya a bokitin ruwa, a yayyafa wa ganyen itacen mon, abincin da tsutsa ke ci. Sau ɗaya tak, bayan tsutsar ta tashi daga barcinta na ƙarshe, wato saɓar ƙarshe kafin ta nuna. Ta ce zai sa ta ƙara kwana tana ci, ta ƙara jiki, ƙwanso ya yi nauyi. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce:

"Amma iyayena, faifan da za ku fitar da iri a cikinsa, ku ware shi gefe. Kada ko ɗigo ya taɓa shi."

Lamduan ta bi maganar yadda aka faɗa. Faifai ɗaya ta gwada. Kai, ranar da ta kwashe ƙwanson faifan nan, sai da ta zauna a ƙasa. Manya, masu tauri, rawaya kamar gwaiduwar ƙwan agwagwa. Ta dafa ta ja zare, zare ya yi ta zuwa bai tsinke ba. Ta hau sama da gudu ta sa wa uwarta ɗaya a hannu. Tsohuwa ta latsa, ta kai hanci, ta girgiza shi a kunne, sai ga hawaye a idon da ba ya gani.

"Haka suke a hannun uwata," in ji ta. "Haka suke, Duan. Me kika ba su?"

Ta faɗa mata komai. Tsohuwa ta ce, "Sauran fa?"

"Sauran ban ba su ba, Inna. Malama ta ce a ware."

"Kawo min nasu."

Ta kawo. A wannan karon sauran faya-fayan ba su yi kyau ba ko kaɗan, har wasu tsutsotsin sun mutu, wataƙila zafi ne, wataƙila danshi, wa ya sani. Amma Inna Pheng ba ta da wataƙila. Ta jefar da ƙaramin ƙwanson a tabarma.

"Fushi suka yi. Kin ba wasu daɗi, wasu na gefe suna jin ƙamshi. Wa ya koya miki wannan rashin imanin? Ni ce?"

Wanda bai tashi a garinmu ba zai yi dariya, amma mu haka muka taso muka tarar. Tsutsa 'ya ce. Ba a ɗaga murya a ɗakinta, ba a shiga da warin taba, wanda ya dawo daga ƙona gawa ba ya leƙa ta sai ya yi wanka. Kuma ba a bambanta faifai da faifai. Abin da ɗaya ya ci, shi kowa zai ci, in ba haka ba waɗanda aka hana su yi zuciya su mutu. Lamduan tun tana tsayin ginshiƙin murhu take jin wannan, ya fi maganar kowace malama daɗewa a kunnenta.

Rani ya shigo. A rani ganyen mon yana ƙaranci, don haka ba a riƙe tsutsa da yawa, faya-fayai kaɗan ne, don dai kada iri ya yanke. Duk abin da ya rage na Kaka ya taru a 'yan faya-fayan nan. Da suka tashi daga barcin ƙarshe, Lamduan ta ɗauko sauran baƙaƙen 'ya'yan ta zuba a turmi.

A nan ne ta ƙara nata. Ta dubi ruwan jiƙon, fari sol kamar ba a sa komai ba, sai ya yi mata kama da wasa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin magani na gaskiya da aka jiƙa a ruwan sanyi ba. Magani a wurinmu tukunyar ƙasa ake sa shi, a zuba ruwa kofi uku a dafa har ya koma ɗaya, ya yi baƙi ya yi ɗaci, a sha safe da yamma har sai an ga ƙarfi ya dawo. Haka aka yi wa mijinta Khamdi da ya yi ciwon shawara, haka aka yi mata da ta haifi 'yarsu Dao. Ta ce a ranta, malama 'yar birni ce, tana tsoron ɓarnar icce. In ruwan sanyi ya yi wancan aikin, ina ga dafaffe?

Khamdi ya dawo daga kiwon ɓauna ya tarar da tukunya na tafasa, ƙamshi ya cika tsakar gida.

"Uwar Dao, wa ba shi da lafiya?"

"Na yara ne."

"Na ji kamar kin ce yarinyar nan jiƙawa ta ce a yi."

"Baban Dao, ka taɓa jin na tambaye ka yadda ake ɗaure ɓauna?"

"Ban taɓa ba."

"To."

Ya ɗaga kafaɗa ya wuce ya wanke ƙafa. Mutum ne da ba ya son dogon zance, kuma ɗakin raga ba hurumin maza ba ne. Daga baya ya yi ta cewa da ya sani da ya kifar da tukunyar, amma a ranar dai wucewa ya yi.

Ta yayyafa wa kowane faifai, ba ta bar ko ɗaya ba. Da safe ta ba su, da yamma ta ba su, gobe ma haka, jibi ma haka, har tukunyar ta ƙare.

Da farko abin sai murna. Tsutsotsi suka buɗe baki, ka zuba ganye kafin ka juya sun cinye har jijiya. Suka yi ƙiba, suka kai kaurin yatsan Khamdi, abin da ba a taɓa gani ba a rawayar tsutsa. Mata suka riƙa zuwa leƙe ta bayan raga. Buasi ma ta zo, ta tsaya riƙe da haɓa, ta rasa tsiyar da za ta yi, daga ƙarshe ta ce, "Waɗannan ai sai a sa musu igiya a hanci." Lamduan ta ji daɗin wannan maganar fiye da a ce yabo aka yi mata.

Lokacin nuna ya zo. Tsutsa in ta nuna takan daina ci, jikinta ya yi rawaya garau har ka hango haske ta cikinsa, ta ɗaga kai tana lilo da shi tana neman inda za ta kafa zare. Lamduan ta fito da faya-fayan saƙa ta goge ta jera. Ba wadda ta ɗaga kai. Lamduan ta ce a ranta ai malama ta faɗa za su ƙara kwana. Suka ƙara kwana, suka ƙara wani, suka sake ƙarawa. Tana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya tana ɗagawa a hasken ƙofa, kowace cikinta kore shar, cike da ganye, bakinta na motsi yana neman ƙari.

Daga sama muryar tsohuwa ke saukowa ta tsakanin katako: "Duan! Sun nuna?"

"Saura kaɗan, Inna."

Ganye ya fara ƙarewa. Gonar mon ɗinta da ma 'yar kaɗan ce a bayan gida, an lissafa ta daidai bakin tsutsar rani. Ta tsige manyan ganye, ta tsige ƙanana, ta koma kan toho, wanda ko mahaukaciya ba ta taɓawa don shi ne ganyen gobe. Itatuwan suka tsaya tsirara a rana. Ta bi maƙwabta da kwando, wannan ta ba ta kaɗan, waccan ta ce nata ma bai isa ba. Dole ta sa ta nufi ƙarshen gari.

Buasi na zaune tana kirɓa kwaɗon gwanda a turmi. Ta dubi kwandon, ta dubi fuskar ƙanwarta, ta ajiye taɓarya.

"Har yanzu?"

"Har yanzu, Yaya."

"Me kika yi musu?"

Lamduan ta faɗa. Buasi ta saurara har ƙarshe.

"Duka? Har na iri?"

"Inna ta ce kada a bambanta."

"Inna ta ce! Inna da ke kiran Baban Dao da sunan mahaifinmu? Haba Duan, ke fa ba yarinya ba ce. Dafawar ma Inna ce ta ce?"

Buasi ta tashi ta ɗauki wuƙa, ta shiga gonarta ta yi ta sara rassa tana faɗa, tana zagin tsutsa, tana zagin rani, tana zagin ranar da kakarsu ta hau kwalekwale. Ta cika kwandon har ta danna da ƙafa. Da za su rabu ta ce, a hankali, "Ki kira yarinyar nan. Yau ba gobe ba."

Wanida ta zo a kan babur da rana tsaka. Ta cire takalmi, ta wanke hannu, ta shiga ɗakin raga. Ta daɗe a durƙushe. Wasu tsutsotsin sun riga sun fara canzawa: fata ta yi sheƙi kamar za ta fashe, ƙafafu sun saki ganye, wasu sun yi ƙoƙarin sake saɓa sun maƙale a cikin tsohuwar fatarsu, rabi ciki rabi waje. Wani wari mai tsami ya soma tashi.

"Goggo, sau nawa kika ba su?"

Lamduan ta nuna mata tukunyar. Wanida ta leƙa, ta ga baƙin da ya kama gindinta, ta rufe ido.

"Goggo, abin da ke cikin 'ya'yan nan, aikinsa shi ne ya ce wa tsutsa, ke yarinya ce tukuna, ci gaba da ci. In kaɗan ne sai ta yarda na ɗan lokaci, sannan jikinta ya tuna. In ya yi yawa ba ta tunawa. Za ta yi ta ci tana jiran girman da ba zai zo ba."

"To ki faɗa mata ta girma mana! Ke da kika san yadda ake yi musu magana."

Ba da gatse ta faɗa ba, roƙo take yi. Wanida ta ce akwai wani ruwan da ake fitarwa daga wata ciyawa, mai aiki akasin wannan, ana ba tsutsa don ta yi saurin nuna. Za ta nemo. Amma ba ta yi alkawarin komai ba, kuma da za ta hau babur ta ce, kamar da kanta take, "Da na tsaya na yi bayanin dalili, ba yatsa kawai na ɗaga ba." Lamduan ta ce mata ta bar wannan zancen, ba ita ta hura wutar ba.

Wanida ta kawo ruwan washegari a cikin 'yar kwalba. Suka fesa tare. A lokacin rabin tsutsotsin sun tafi. Kowace safiya Lamduan na tsince matattu da tsinke biyu, baƙaƙe, laɓo-laɓo, suna fashewa in ka matsa. Ba ta ba kaji, ta ce ba za ta iya gani ba. Khamdi ne ke haƙa rami a bayan gonar mon yana binnewa.

Tsohuwa kuwa hancinta bai mutu ba.

"Duan, wannan warin na mene ne?"

"Tulun daddawar kifi ne ya tsage, Inna."

"Daddawar kifi," in ji tsohuwa, ta sake jan hanci.

Ruwan malama ya ɗan yi aiki. Daga cikin duk tarin nan, wasu 'yan kaɗan da ba su cika tafin hannu biyu ba suka ɗaga kai. Lamduan ta kusa ihu, ta tuna inda take ta toshe bakinta. Ta ɗauke su kamar mai ɗaukar garwashi ta sa a faifan saƙa. Wasu suka zubar da zarensu a shimfiɗe, ba su san yadda za su naɗe kansu ba, suka mutu tsirara a kan aikinsu. Waɗanda suka yi ƙwanso, sirara ne har kana hango abin da ke ciki. Ta lulluɓe su da tsohon zanenta saboda ƙuda, ta sa ƙafafun ragar a cikin kwanonin ruwa saboda tururuwa, ta kunna turare a gaban ɗakin kakanni, ta kai wa masu rawayar riga, malaman haikali, sadakar abinci da asuba. Duk abin da mutum zai yi ta yi shi. Shinkafar da Khamdi ke turo mata a kwando haka take bushewa.

Wata safiya ta ɗaga zanen ta ga ƙwari sun fito. Farare, kamar an turbuɗa su a gari, jikinsu a jiƙe. Ta durƙusa tana dubawa. Mace ana gane ta da babban ciki, tana zama wuri ɗaya. Namiji ƙarami ne, ba ya zama, fukafukansa na kaɗawa kamar zai tashi. Wannan mace. Wannan ma mace. Wannan mace. Can a gefen faifai ta hango shi, namiji ɗaya tal, fukafukan a cukurkuɗe kamar takardar da aka murje, yana kwance a kan gefensa yana harba ƙafa.

Ta ɗauke shi ta ajiye kusa da mafi ƙoshin matan. Ya motsa gashin kansa, ya ji ƙamshinta, ya yunƙura, ya kife. Ta tashe shi. Ya sake kifewa. Ta riƙe shi da yatsu biyu ta haɗa bayansa da na macen, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

"Haba ɗan Kaka. Haba maigida. Kai kaɗai ne fa. Daure mana."

Haka ta zauna riƙe da shi har hannunta ya sage, rana ta hau, Khamdi ya leƙo ya koma. Wani lokaci ta ga kamar sun kama, ta saki, suka rabu. Kafin rana ta karkata ya daina harba ƙafa.

Buasi ta zo da yamma ta ga abin da ke nan. Ta ce da nata fararen sun kai ƙwanso da ta bar wasu sun fito, ko namijin kamfani ne a haɗa, ai gara rabin jini da babu. Amma nata ba su ma shiga barcin ƙarshe ba, ƙwarin nan kuwa ba su da baki, ba sa ci ba sa sha, kwanakinsu kaɗan ne. Khamdi ya ari babur ya zaga ƙauyukan kusa yana tambayar mai ƙwaro namiji, kowane iri ne. A rani wa ke da shi? Wata ta ce nata sun fito makon jiya, wata ta ce sai mako mai zuwa.

Matan ƙwarin ba su jira ba. Mace ko ba ta haɗu da namiji ba, in lokaci ya yi sai ta zubar da ƙwanta. Suka cika ƙyallen da ƙwai, layi-layi, rawaya, gwanin kyau, ba abin da ya bambanta su da na kowace shekara. A nan ne muguntar abin take. Lamduan ta ce wa kanta wataƙila sun kama a wancan ɗan lokacin, ai ta ga kamar sun kama. Ta yi wa inda babbar macen ta zuba nata alama da gawayi. Ƙwai mai rai in ya kusa ƙyanƙyashewa yakan yi ɗigon baƙi, sannan ya yi duhu gaba ɗaya. Ta naɗe ƙyallen ta rataye a wuri mai sanyi, ta je ta roƙo tohon mon a wurin Buasi ta ajiye a jiƙaƙƙen tsumma, don kada jarirai su fito su tarar ba abinci.

Ta hau ta ce wa uwarta an zuba ƙwai. Ba ƙarya ta yi ba.

"Madalla," in ji tsohuwa. "Sun yi duhu ki faɗa min."

Kullum da safe sai ta buɗe ƙyallen a bakin ƙofa. Rawaya. Gobe rawaya. Tohon da ta ajiye ya yanƙwane, ta roƙo wani. Lokacin duhu ya zo ya wuce. Sannan wata safiya ta ga ƙwayayen sun fara loɓawa a tsakiya, kowane da ɗan rami, har waɗanda ke cikin da'irar gawayin. Ta goga yatsa a kai, suka zubo kamar dusa.

Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta wanke hannu, ta hau matakala, ta zauna a bakin tabarmar uwarta. Tsohuwa na kwance da fuska sama.

"Inna."

"Na ji hawanki. Ba hawan mai albishir ba ne."

"Ba su yi duhu ba. Ba za su yi ba. Babu namiji, ɗaya ne ya fito, shi ma gurgu."

"Buasi fa?"

"Yaya ta daɗe da bari, Inna, kin sani."

"Ba wanda ya rage? Ko faifai ɗaya?"

"Na ba su duka. Kuma na dafa shi, ba haka aka ce in yi ba."

Lamduan ta zauna tana jiran zagi, har tana so a zage ta, ko ta samu inda za ta sa kanta. A ƙasa kaji na tono, wani na wucewa da rediyo a kan keke. Da tsohuwa ta buɗe baki, muryar ƙarama ce, kamar ba tata ba.

"Yunwa ce ta kashe su?"

"A'a, Inna. Suna ci suka mutu."

"A ƙoshe."

"A ƙoshe."

"Ni duk rayuwata yunwa na ji musu tsoro." Ta laluba ta kamo hannun 'yarta, ta riƙe shi da ƙarfin da Lamduan ba ta san ta rage da shi ba. "Ni na ce ki ba su duka, ko?"

"Inna, ba ke..."

"Ni na ce. Kada ki ɗauke min nawa, ki riƙe naki."

Sai a nan kukan ya zo wa Lamduan, irin wanda ba ya fita da sauti, ta kife kanta a kan tabarma. Tsohuwa ba ta rarrashe ta ba. Ta bari har ta gama, sannan ta saki hannun ta juya fuska bango.

"Ki sauka ki cire ragar nan," in ji ta. "Ki ce wa mijinki daga yau yana iya shan tabarsa a ƙarƙashin gida."